Martani Ga Masu Cewa Likitoci Sun Ɓoye Maganin Ciwon Suga a Cikin Ganye

An daɗe ana yawo da wani zargi a saƙonnin murya na WhatsApp, da filayen rediyo da ake saye da kuɗi, da motocin lasifika da ke tsayawa a tasha da bakin kasuwa. Wai likitoci da masana abinci sun san cewa zogale da shuwaka da garahuni suna ɗauke da sinadaran da ke farfaɗo da ƙwayoyin da ke samar da insulin a jiki, amma suka haɗa baki suka rufe maganar don kada kasuwar allura da ƙwaya ta mutu. Da abin ya tsaya a shaci-faɗi, da shiru ya ishe shi amsa. To amma a dalilinsa akwai masu ciwon suga da ke ajiye maganin asibiti su rungumi gorar tsimin ganye, sai ƙafa ta ruɓe ko ido ya rufe a kinkimo su a dawo da su wurin likitan da aka zaga. Masu zargin sun san abin da suke yi, don haka ba su ake yi wa bayani ba. Jama'a ake gabatar wa hujjoji, su ne alƙalai.

Ya kamata a fara da ɗan guntun gaskiyar da aka gina ƙaryar a kansa. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas. A cikinta akwai wasu ƙananan tarin ƙwayoyi da wani ɗalibin likitanci, Paul Langerhans, ya gano a Berlin a 1869, kuma a cikinsu ne ƙwayoyin beta suke, masu haɗa insulin ɗin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka da sauran sassa. Idan suga da kitse suka yi yawa a jini na tsawon lokaci, jiki yana fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Kowace gaɓa tana da nata makaman kariya, amma a 1996 Sigurd Lenzen da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyin na fankiriyas suna da ƙarancin irin makaman ƙwarai idan aka kwatanta su da na hanta. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa kuwa suna ɗauke da sinadaran da ke rage wannan ɓarna, waɗanda ake kira antioksidan: su ne jan launin zoɓo, suna cikin albasa da ganyen zogale, suna cikin garin ƙwallon kuka mai yawan bitamin C. Iyakar gaskiyar ke nan. Sauran abin da ake ɗorawa a kai, ga shi ɗaya bayan ɗaya.

Zargi na farko shi ne an ɓoye wannan ilimi. Tambaya ita ce, a ina masu zargin suka ji shi? Ba kakanninsu ne suka gaya musu akwai ƙwayoyin beta ba, kuma ba a mafarki suka ga antioksidan ba. Masanan da suke tuhuma su ne suka gano abin, suka auna shi, suka buga shi a mujallun da kowa ke iya buɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana shelar cewa kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. A 2010 mujallar likitocin Birtaniya ta buga nazarin da ya tattara bincike da dama, ya samu cewa masu yawan cin ganye kore sun fi waɗanda ba su cika ci ba tsira daga ciwon suga nau'i na biyu da kimanin kashi 14 cikin 100. Duk wanda ya taɓa zama a bencin asibitin masu suga ya ji ma'aikaciyar abinci tana nanata a yawaita ganye, a rage tuwo, a bar lemon kwalba. Abin da ake maimaitawa kowace safiya a gaban marasa lafiya, shi ne wai sirrin da aka binne.

Zargi na biyu: wai likitancin zamani yana ƙyamar tsirrai, bai yarda da komai ba sai sinadarin Bature. Ƙwayar da aka fi bai wa masu ciwon suga a duniya ita ce metformin, kuma asalinta daga wani tsiro ne da Turawa suka daɗe suna jiƙawa, mai suna Galega. Sinadarin da ke cikin tsiron yana sauke suga amma yana da dafi, sai masana suka yi ta gyara shi har likitan Faransa Jean Sterne ya gwada metformin a kan masu ciwon a 1957. Sababbin magungunan da ke fitar da suga ta fitsari sun samo tushe daga wani sinadari da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa tun 1835. Maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ke saye a kemis daga dangin tazargade ya fito, kuma a kansa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karɓi lambar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi karan dafi da kanumfari da masoro. Wannan tarihin mutanen da ke farautar magani a cikin tsirrai ne ruwa a jallo. Sharaɗinsu ɗaya ne: a san abin da ke ciki, a san adadinsa, a gwada shi. Wannan sharaɗin ne ke tsone wa masu gora ido.

Zargi na uku shi ne wanda suka fi tinƙaho da shi: wai bincike ya riga ya tabbatar ganyensu yana gyara fankiriyas, likitoci ne kawai suka toshe kunne. Abin lura na farko, mutumin da ya gama cewa kimiyya yaudara ce, shi ne a numfashi na gaba yake ɗaga takardar kimiyya yana neman a gaskata shi. Na biyu, bai taɓa faɗa wa masu saurare a kan wa aka yi binciken ba. A kan ɓeraye aka yi mafi yawansa, kuma ga yadda ake yi. Ana ɗauko lafiyayyen ɓera a yi masa allurar wata guba mai suna aloksan, wadda aka gano tana kashe ƙwayoyin beta tun 1943 a Glasgow. Cikin kwana biyu zuwa uku sugansa ya hau. Sai a riƙa ɗura masa ruwan ganye na makonni kaɗan, a riƙa tsaga wutsiyarsa ana auna jini, daga ƙarshe a yanka shi a duba fankiriyas ɗin a madubin likita. Ita aloksan tana yin kisanta ne ta hanyar haddasa ainihin wannan tsatsar, saboda haka kusan duk abin da ke da antioksidan zai nuna wata alamar kariya, musamman idan an ba da shi kafin gubar ko tare da ita. Haka kuma an san ƙwayoyin ɓera kan ɗan murmure da kansu bayan aloksan. Irin wannan gwaji matakin farko ne na neman hanya, kuma masu yin sa da kansu suke rubuta cewa sai an gwada a kan mutane. Ɗan Adam mai ciwon suga nau'i na biyu ba a yi masa allurar guba ba. Nasa ciwon shekaru ya ɗauka yana ginuwa daga gado da ƙiba da cima da rashin motsa jiki. Garahuni da kirfa ma da aka fi yayatawa, a 2012 ƙungiyar Cochrane mai tace sakamakon bincike ta duba gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane da kirfa da kuma wani ɗan'uwan garahuni na ƙasashen Asiya, ta ce hujjar ba ta isa ba.

Zargi na huɗu ya fi kowanne muni: wai har yaran da ke kan allura za su iya barinta, domin ganye zai ta da ƙwayoyin da suka mutu. A ciwon suga nau'i na farko, garkuwar jikin yaro ce ke juyawa ta hallaka ƙwayoyin beta. Zogale da shuwaka sun girmi allurar insulin da dubban shekaru, kuma duk tsawon wannan zamani yaron da ya kamu da wannan nau'in ba ya daɗewa a duniya. Abin ya sauya ne bayan Frederick Banting da Charles Best sun ciro insulin a Toronto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, a Janairun 1922, ya tashi daga bakin kabari ya ƙara shekara 13. Kuma ba a ce masana ba su gwada batun kariya ba. Wani nau'in bitamin B3 ya kare ƙwayoyin ɓeraye daga guba sarai. Aka gwada shi a Turai da Kanada da Amurka a kan mutum 552 'yan'uwan masu ciwon, waɗanda jininsu ya nuna suna kan hanyar kamuwa, aka bi su shekara 5. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna bai hana ciwon ba. Masanan suka buga gazawarsu duniya ta karanta. Wanda ya ce wa uwa ta janye wa ɗanta insulin, ya sani cewa kwanaki kaɗan ne tsakanin yaron da doguwar suma, kuma ba shi zai kwana a gefen gadon ba.

Zargi na biyar: wai tunda antioksidan na da amfani, wanda aka tace aka tara shi da yawa ya fi, likitoci kuwa sun ƙi rubuta shi don ba su da riba a ciki. An rubuta shi, an kuma gwada shi a kan dubban mutane da kuɗi masu ɗimbin yawa. A Finland an bai wa maza masu shan taba kimanin 29,000 ƙwayoyin gwaji, a 1994 aka samu waɗanda suka sha beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2000 wani babban gwaji a kan mutum sama da 9,000, fiye da 3,000 daga cikinsu masu ciwon suga, ya nuna bitamin E bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A Amurka an bi mata sama da 6,000 kimanin shekara 9 ana ba su bitamin C da E da beta-karotin, a 2009 aka bayyana cewa ba su hana ciwon suga ba. A wannan shekarar kuma masu bincike a Jamus suka sa samari motsa jiki na mako 4, sai waɗanda ake bai wa bitamin C da E masu yawa suka rasa ƙarin karɓar insulin da motsa jikin ya kawo wa sauran. Darasin a fili yake. Amfanin ganye yana zuwa ne a cikin kwano, tare da harzarsa da ke rage saurin shigar suga cikin jini, da ƙoshin da yake kawowa har mutum ya rage tuwo. Idan aka fizge sinadari ɗaya aka ɗura shi da yawa, sau tari ba ya amfana komai, wani lokaci ma ya cutar.

Zargi na shida: wai ƙwayar asibiti ce ke kashe ƙoda, ganye kuwa halittar Allah ne, ba ya illa. Zaƙami ma halittar Allah ne, haka tinya mai dafi. Ba wanda ya ce a jiƙa kowanne a sha. Abin da ke lalata ƙodar mai ciwon suga shi ne sugan da aka bari a sama shekara da shekaru, tare da hawan jini. Babban binciken Birtaniya da aka bayyana a 1998, wanda ya bi majinyata kusan 4,000, ya nuna matse suga da magani ya rage lalacewar ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da kashi 25 cikin 100. Yanzu a dubi abin da ake miƙa wa mutane a madadin haka: tsohuwar gorar ruwa cike da wani baƙin tsimi, an manna mata takardar da aka buga a shagon kwafi, babu sunan abin da ke ciki, babu ranar da aka haɗa, ma'auninta kuwa rabin kofi safe da yamma, ko kofin shayi ne ko moɗa oho. A 2000 hukumomin lafiya a Amurka sun gargaɗi jama'a kan wasu magungunan ganye biyar na ciwon suga da aka samu an cusa musu ƙwayoyin asibiti a ɓoye, ciki har da wadda aka hana sayarwa saboda haɗarinta. Wanda ya ƙi bayyana abin da ke cikin gorarsa ba shi da hanyar wanke kansa daga irin wannan tuhuma, kuma ba shi da bakin kiran maganin wani guba.

Zargi na bakwai: wai ga shaidu nan sun warke, ga kuma lambar NAFDAC, amma likitoci sun ƙi karɓar gaskiya. Hukumar da aka ce tana cikin maƙarƙashiyar, ita ce kuma ake kafa hujja da hatiminta. Rajistar farko da NAFDAC ke yi wa maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga alamar yana cutarwa ba. Ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba. Wannan layin ne mai lasifika ba ya karantawa. Shaidun kuwa, a saurari sharuɗɗan da ake gindaya musu: ka bar suga, ka bar lemo, ka rage shinkafa da burodi, ka riƙa tattaki. Ai wannan ita ce takardar asibiti, aka sace ta aka ɗaura wa gora. A 2002 gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa ya nuna rage ƙiba da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. Sannan jin daɗin jiki ba ma'auni ba ne a wannan ciwo. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ke da shi a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ciwon da ke zaune a jikin miliyoyi ba su ji ba, ba za a tabbatar da tafiyarsa da cewar wani ya ji sauƙi ba.

Zargi na takwas shi ne kuɗi: wai duk don a ci da gumin talaka ne. Insulin yana da tsada, kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwarsa a duniya, kuma iyalai da yawa a ƙasar nan suna tsallake allura don aljihu ya gaza. Wannan koke ne na gaskiya, kuma likitoci da ƙungiyoyin masu ciwon ne ke kan gaba wajen yin sa. Banting da abokansa biyu sun sallama wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaya kowannensu. Ma'aikaciyar abincin da ta ce ka ci rama da wake ba ta da ko sisi a cinikin mai rama. Wanda ke da riba kai tsaye a wannan muhawara shi ne mai gora, wanda ke alƙawarin warkarwa har abada amma yake cewa a dawo a sayi wata idan ta ƙare. Tsadar magani dalili ce ta matsa wa gwamnati ta sa shi cikin inshorar lafiya, ta sauƙaƙa shigo da shi. Mai amfani da ita don ya raba talaka da ragowar kuɗinsa da ragowar lafiyarsa, ba mai tausayinsa ba ne.

Ga abin da likitoci ke cewa, tunda an yi ta yi musu ƙage. A nau'i na biyu, lokacin da aka gano ciwon yawanci kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin beta ya riga ya tafi, don haka aikin shi ne a ceci sauran. Wasu daga cikinsu gajiya suka yi ba mutuwa ba, kuma suna iya murmurewa idan aka sauke musu nauyi. Gwajin da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya ya nuna haka a 2017: kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora kan tsarin rage ƙiba sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Likitoci ne suka yi wannan, da awo da kulawa, a kan masu ƙiba da ciwonsu bai daɗe ba, suka kuma kira shi lafawa domin yana iya dawowa. A cikin irin wannan tsari ganye yake da gurbinsa. Kwaɗon zogale da rama da tafasa, miyar kuka da kuɓewa da alayyafo, wake, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, gauta da yalo, goba da lemo a ci su ɗungurungum maimakon a matse ruwansu. Zoɓo yana da amfani, har an ga yana ɗan sauke hawan jini, amma wanda aka zabga wa gwangwanin suga aka ƙulla a leda ya tashi daga magani ya koma cuta. Duk wannan tare da ƙwaya ko allurar da aka rubuta, da awon jini a kai a kai, kuma likita ne zai rage magani idan awo ya nuna.

Saura ƙalubale. Akwai asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai sassan harhaɗa magunguna a jami'o'insu, kuma malamansu sun shafe shekaru suna nazarin waɗannan ganyayen. Duk mai iƙirarin gorarsa tana ta da ƙwayoyin beta, ya kai ta can. Ya rubuta abin da ke ciki da adadinsa. A raba majinyata gida biyu, a bai wa wasu, a bai wa wasu abin da ya yi kama da ita, ba tare da kowa ya san wanne ya sha ba. A auna HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, a kuma auna yawan insulin ɗin da jikinsu ke haɗawa da kansa, kafin a fara da bayan an gama. Idan ta ci jarrabawa, likitocin da ake zagi su ne za su fara rubuta ta, kamar yadda suka rubuta metformin. Idan ya ƙi kai ta, jama'a sun samu amsarsu. Kafin nan, duk mai ciwon suga da aka tare da gora ya yi tambaya uku: me ke ciki, a kan mutum nawa aka gwada, kuma a wane asibiti aka auna su.